Fitilar Cek Injin Ta Mutu, To Motar Ta Warke Kenan?

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya mu leƙa mota, duk da cewa wayar da ke hannunka ce za ta yi mana rabin aikin. Sana'ata gyaran waya ce, kuma ta ƙofar waya na shiga wannan harka, domin 'yar na'urar da ake jona wa mota a karanta matsalarta da waya take magana. Masu mota suna kawo min ita shago in haɗa musu da manhaja, daga nan na fara bin abin da ke fitowa a allo ɗaya bayan ɗaya har na gane kansa.

Ka san fitilar nan mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, da ke kunnuwa a dashbod, wadda kowa ke kira cek injin. Da ta kunna sai hankalin mai mota ya tashi. Ya je wajen mai sikanin, a jona na'ura, a danna gogewa, fitila ta mutu, ya biya ya tafi yana murna. Wani ma ba ya zuwa ko'ina, kan batir yake cirewa ya bar shi 'yan mintuna ya mayar. Wasu masu sayar da mota kuwa sun mayar da wannan tamkar wankin mota, ana yi kafin mai saye ya iso.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan rubutu shi ne: gogewa tana kashe fitila, amma tana barin sawu. Kuma motar ba za ta sake cewa lafiyarta ƙalau ba sai ta hau titi ta gwada kanta da kanta. In ka iya karanta wannan sawun, ka kuma san irin tuƙin da ke sa mota ta kammala gwajin, da wuya a sayar maka da matsala a ɓoye, da wuya kuma ka biya kuɗin gyaran da bai gyaru ba.

ABIN DA KE FARUWA A ƘWAƘWALWAR MOTA

Motar zamani tana da ƙaramar kwamfuta, wadda makanikai ke kira biren bos. Ita ke auna iskar da ke shiga inji, ta ƙayyade man da za a fesa, ta ba fulogi wuta a kan lokaci. Bayan wannan tana da wani aiki da mutane ba su cika sani ba: tana yi wa sassan motar jarrabawa. Kowace jarrabawa ana kiranta monita.

A motar fetur akwai guda uku da ke aiki kullum muddin inji na juyawa. Ɗaya tana lura ko wata silinda na tsallake wuta, ɗaya tana lura da haɗin mai da iska, ta ukun tana duba sensoshi da wayoyinsu. Waɗannan ba sa ba da wahala, yawanci da an tayar da mota za ka ga sun nuna sun kammala.

Sauran su ne masu sharaɗi. Akwai ta katalis, tukunyar nan da ke jikin salansa wadda ake kira indomi saboda zubin cikinta. Akwai ta sensar oksijin, da ta hitar da ke ɗumama sensar. Akwai ta tururin mai, wadda a allo ake rubuta EVAP, mai duba ko tanki da bututunsa na yoyon tururi. Akwai ta EGR, bawul ɗin da ke mayar da ɗan hayaƙi cikin inji. Wasu motoci suna da ƙarin ta famfon iska. Kowace a cikinsu ba ta fara aiki sai yanayin da take so ya samu: wata sai inji ya yi sanyi sosai, wata sai ya yi zafi, wata sai an yi gudu ɗaya ba ƙari ba ragi na wasu mintuna, wata kuma sai an saki totur mota na gangarawa da kanta.

To, duk lokacin da aka goge lambobin matsala da na'ura, ko aka cire kan batir, ko batir ya mutu murus, sakamakon waɗannan jarrabawowi yana sharewa tare da su. Sai duk su koma "ba a yi ba tukuna". Fitila a mace, amma ba don motar ta ci jarrabawa ba, don ba ta ma zauna ba ne.

Mu a gyaran waya mun san irin wannan. Waya na da matsala a allon ciki, tana kashe kanta, sai a yi mata filashin, ta tashi fes kamar sabuwa. Kwana biyu ta dawo da halinta. Ko iPhone na hannu da aka ɗaga wa lafiyar batir ta koma 100, alhali batirin ya gaji. Lambar da ke allo ta canza, abin da ke ciki yana nan yadda yake.

DAGA INA WANNAN TSARI YA FITO?

Asalinsa Amurka ne, kuma saboda hayaƙi aka yi shi. Jihar Kalifoniya ce ta fara tilasta wa kamfanonin mota su sa tsarin da mota za ta riƙa gano matsalarta, daga baya aka inganta shi ya zama OBD-II. Daga samfurin 1996, duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da shi, da soket iri ɗaya mai ƙafa 16 a kusa da sitiyari. Turai ta biyo baya da nata, motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004.

A jihohin Amurka da ake gwajin hayaƙi kafin sabunta takardun mota, mai gwaji na jona na'urarsa ne a wannan soket. Waɗanda suka tsara abin sun san halin ɗan Adam. Sun san wani zai tsaya a bakin wurin gwajin ya cire kan batir ya mayar, ya shiga da fitila a mace. Shi ya sa suka sa dole motar ta faɗi ko ta yi jarrabawowinta tun bayan gogewar ƙarshe. In ba ta yi ba, sai a ce wa mai ita ya je ya tuƙa ya dawo. Ƙa'idar hukumar kare muhalli ta ƙasar ita ce, motar 1996 zuwa 2000 ana iya yi mata afuwar monita biyu da ba su kammala ba, ta 2001 zuwa sama kuma guda ɗaya tak. Wasu jihohin sun fi haka tsanani.

Za ka ce to mu ina ruwanmu, tunda ba wannan gwajin ake mana ba? Ruwanmu shi ne motocin. Camry da Corolla da Accord da Sienna da Highlander da suka cika titunanmu, da yawansu daga Amurka aka sauke su ta Legas ko Kwatano, da ƙwaƙwalwarsu yadda aka ƙera ta. Tarkon da aka ɗana wa mai son yaudarar jami'in gwaji a can yana nan daram a cikinsu. Kai da za ka zuba kuɗin da ka yi shekaru kana tarawa, kai ne jami'in gwajin kanka.

KAYAN AIKIN DA KAKE BUƘATA

Abu biyu ne. Na farko 'yar na'urar da ake kira ELM327, ba ta kai akwatin ashana biyu ba. Na biyu manhaja a waya, irin su Torque a Android, ko Car Scanner da ke aiki a Android da iPhone.

Nan ne fagena, don haka saurara. Mai Android ya sayi mai Bluetooth, lambar haɗawa yawanci 1234 ce ko 0000. Mai iPhone kuwa ya kula, tsohon nau'in Bluetooth ɗin nan ba ya haɗuwa da ita, sai ya nemi mai Wi-Fi ko mai sabon Bluetooth da ake rubuta wa BLE. Da yawa daga waɗanda ke kawo min ƙorafin "na'urar ba ta aiki" matsalarsu kenan. Sannan akasarin masu arahar nan kwaikwayo ne, wata za ta karanta motarka wata ta ƙi, don haka ka gwada a mota kafin ka bar wurin mai sayarwa. Abu na ƙarshe, ƙafa ta 16 a soket ɗin tana da wutar batir ko mota na kashe. In ka gama ka zare na'urar, kada ka bar ta kwana da kwanaki tana tsotsar batir.

Soket ɗin yana ƙasan dashbod ɓangaren direba. Ka jona, ka murza makulli fitilun dashbod su kawo, ka buɗe manhaja, ka nemi shafin da ke da kalmar "Readiness" ko "Emissions". Za ka ga jerin monitoci, kowace da ɗaya daga alamomi uku. "Complete" ko "Ready" na nufin an yi jarrabawar. "Incomplete" ko "Not ready" na nufin ba a yi ba tun bayan gogewa. "N/A" ko "Not available" na nufin motar ba ta da wannan jarrabawar tun daga kamfani, wannan ba laifi ba ne. Motocin da aka yi wa Turai, misali, sau da yawa ba su da gwajin yoyon tururin mai.

Ga wani wuri da ake yawan ruɗewa. "Complete" ba ta nufin an ci jarrabawa, tana nufin an zauna an rubuta. Sakamakon yana shafin lambobin matsala. Kuma yawancin matsaloli ba sa kunna fitila a karon farko, sai motar ta gan su a tafiya biyu a jere. A tsakani ana ajiye lambar a wani sashe da ake rubuta wa "Pending", wato mai jiran tabbaci. Don haka kullum ka duba wurare biyun tare.

Motoci da yawa kuma suna faɗin kilomita nawa aka yi tun da aka goge, da sau nawa inji ya ɗumama daga sanyi. Motocin Amurka daga wajajen 2010 suna da ƙarin wani sashe, "Permanent", lambar da ta shiga nan na'ura ba ta goge ta, cire batir ma ba ya goge ta. Motar ce kaɗai ke cire ta bayan ta gwada ta ga an gyara.

In ba ka da na'ura a kusa, wasu motocin suna ba da alama da fitilar kanta. A Honda da yawa, ka murza makulli ba tare da ka tayar ba ka jira kamar daƙiƙa 20. In fitilar ta mutu salin alin, an kammala. In ta yi ƙiftawa biyar, da saura. A Ford ƙiftawa takwas ce. Kuma ko wace mota ce, in ka murza makulli fitilar cek injin ba ta kawo ba sam, to ka tsaya ka yi tambaya, domin akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi ta ciki.

WATA CAMRY DA MUKA JE GANI

Bara kawuna ya karɓi kuɗin sallamarsa daga aiki, ya ce mota zai saya ya riƙa jigila da ita yana riƙe gida. Ya kira ni in raka shi ganin wata Camry ta 2009. Mota tsaf, inji shiru, esi na sanyi, dashbod ba fitila ko ɗaya. Na nemi izini na jona na'ura. Katalis, sensar oksijin, tururin mai, duk ba a yi ba. Tafiyar da aka yi tun bayan gogewa kilomita 4.

Na nuna wa mai motar. Ya ce, "Yaro, batir muka sauya mata jiya, shi ne kawai."

Kawu ya ja ni gefe. "Kai ɗana, me ka gani? Faɗa min gaskiya."

Na ce, "Kawu, maganar Alhaji na iya zama gaskiya, sauya batir na kawo haka. Amma a yanzu motar ba ta ce komai ba, ba ta ce lafiya ba, ba ta ce ciwo ba. A ba mu ita gobe da safe mu tuƙa, mu ji ta bakinta."

Alhajin ya ɗan yi jim, sannan ya ce a je da yaronsa, mu ne da zuba mai. Washegari muka fita da sanyin safiya. Kafin mu yi minti 40 sensar oksijin ta kammala, ta katalis ma ta kammala, sai ga P0420 ta faɗo a sashen masu jiran tabbaci, lambar da ke cewa katalis ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Fitila har lokacin a mace take. Muka kai wa mai salansa ya kwance, tukunyar wayam, an fasa an kwashe indomin. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, shi ya sa ake farautarsa, kuma mota kan bi hannaye da yawa kafin ta iso wurin mai sayarwa, don haka ba mu ɗora wa kowa laifi ba. An dai zauna an sake ciniki, aka cire kuɗin tukunya daga farashi. Kawu ya saya yana sane da abin da ya saya. Da bai duba ba, bayan kwana biyu fitilar za ta kunna a hannunsa, lokacin da ciniki ya riga ya faɗa.

YADDA AKE TUƘIN GWAJIN

Kowane kamfani yana da nasa tsarin, in ka sami na motarka takamaimai shi ya fi. Wanda zan ba ka shi ne sanannen tsarin kamfanin GM, wanda ake amfani da shi a matsayin na gama-gari saboda ya taɓo kusan duk sharuɗɗan.

Kafin ka fara, ka tabbatar da abu huɗu. An gyara matsalar da ta kunna fitilar tun farko, domin lambar da ke raye tana iya hana wasu monitoci tashi. Mai a tanki yana tsakanin kwata da kwata uku. Murfin tanki na asali ne kuma an ɗaure shi sosai. Batir da caji lafiya lau. Sannan ka sami mutum na biyu ya riƙe wayar. Kada ka tuƙa kana kallon allo, ba monitar da ta kai ranka.

Mataki na 1: Tashi daga sanyi. Mota ta kwana a kashe. Zafin ruwan inji ya kasance ƙasa da digiri 50, kuma kada tazararsa da zafin iskar waje ta wuce digiri 6. Manhajar za ta nuna maka duka biyun. Kada ka murza makulli ka bar shi a kunne kana hira, ka tayar kai tsaye, domin gwajin hitar sensa yana son ya same ta da sanyinta.

Mataki na 2: Ka bar ta a tsaye tana aiki minti biyu da rabi, da esi da hitar gilashin baya a kunne. Ana so a ɗora wa inji nauyin lantarki.

Mataki na 3: Ka kashe esi da sauran kaya. Ka taka totur kamar rabi, ka hau har kilomita 88 a awa.

Mataki na 4: Ka riƙe wannan gudun minti 3, ƙafa a tsaye, ba ƙari ba ragi.

Mataki na 5: Ka ɗage ƙafa daga totur gaba ɗaya, motar ta rage gudu da kanta har kilomita 32. Ba birki, ba sauya giya, mai kuloci kada ya taka.

Mataki na 6: Ka sake takawa, wannan karon da ɗan ƙarfi, kamar kashi uku cikin huɗu na totur, zuwa tsakanin kilomita 88 da 96.

Mataki na 7: Ka riƙe minti 5. A nan ne aka fi yin gwajin katalis.

Mataki na 8: Ka sake sakin totur ta gangara da kanta kamar ɗazu. Ka sami wuri ka tsaya, ka duba allo.

Tuƙin kansa bai fi minti 20 ba, wahalar tana wajen samun titi. Kana buƙatar babbar hanya miƙaƙƙiya wadda doka ta yarda da wannan gudun, ba ramuka, ba cunkoso, bayan gari ya waye ana ganin hanya sosai. In mai babur ko dabba ta ratso, ka taka birkinka ba shawara. Ba abin da ya lalace, maimaita matakin kawai za ka yi. Kuma kada ka yi mamaki in ba su kammala duka a fita ɗaya ba. Katalis ɗin da ya fara tsufa yana iya neman a maimaita har sau biyar. Wanda ba ya sauri ma, tuƙin yau da kullum na 'yan kwanaki, in ya haɗa cikin gari da babbar hanya, yakan kammala yawancinsu. Sannu ba ta hana zuwa.

IN TA ƘI KAMMALAWA

Akwai abubuwan da muka saba yi wa mota a nan da ke hana jarrabawar zama, ga waɗanda na fi cin karo da su.

Tamostat. Al'ada ce a cire shi da zarar mota ta sauka, wai ƙasarmu da zafi. Aikinsa shi ne ya tare ruwa har inji ya kai zafin da aka tsara masa. In babu shi, musamman da safe ko lokacin hunturu a kan babbar hanya, inji na iya kasa kaiwa wannan zafin, monitocin da ke jiran zafi su yi ta jira. Wani lokaci P0128 za ta fito ta faɗa maka hakan. Injin da ba ya ɗumama yadda ya kamata kuma ya fi shan mai.

Tanki. Da tsadar man nan, da yawanmu fitilar risab ce abokiyar tafiya. Gwajin tururin mai ba ya tashi in tanki ya kusa ƙarewa, ba ya tashi kuma in an cika shi maƙil. Mai cewa a ƙara bayan famfo ya tsaya, har a jijjiga mota, yana iya tura ɗanyen mai cikin gwangwanin gawayin da aka yi don tururi kaɗai. Wanda ya toshe bakin tanki da leda ko tsumma kuwa, P0455 na jiransa.

Zafin gari. Wannan gwajin na tururi shi ya fi kowane tsirfa. Motoci da yawa ba sa yin sa in zafin iska ya haura wajajen digiri 30 zuwa 35. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, da rana tsaka ba ka da rabo, sai da sassafe. Wasu Toyota kuma ba a kan hanya suke yin sa ba, sai bayan an kashe mota da kamar awa 5. In ka ji wata 'yar ƙara daga ƙarƙashin motarka da tsakar dare, famfon gwajin ne, kada ka firgita. Idan komai ya kammala sai wannan kaɗai ya rage, ba abin tayar da hankali ba ne, ka ba shi kwanaki.

Kan batir mai lilo. In yana kwance yana yanke wuta, ko ana cire shi kowane dare saboda tsoron ɓarayi ko don batir na zubar da caji, kullum motar daga sifili take farawa.

Sai hannun mai motar kansa. Wani da ya ga lamba sai ya danna gogewa, ya ce bari a sake gani. Kowace gogewa tana mayar da kai farko, kuma tana share hoton da motar ta ɗauka na yanayin inji a daidai lokacin da matsalar ta faru, wanda shi ne abin da makaniki na ƙwarai zai fara nema. Ka ɗauki hoton allo tukuna, ka nuna wa mai gyara. In an yi gyara na gaskiya, ko ba a goge ba fitilar za ta mutu da kanta bayan tafiya uku a jere ba matsala.

Gargaɗi ɗaya da ba wasa a cikinsa: in fitilar tana ƙiftawa alhali kana tafiya, inji na tsallake wuta ne sosai, ɗanyen mai na shiga salansa yana ƙona katalis. Wannan ba lokacin tuƙin gwaji ba ne. Ka rage gudu, ka sami wuri ka tsaya, a duba fulogi da kwail.

INDA ZA KA CI MORIYARSA

Wuri biyu ne. In za ka sayi mota, ka jona kafin ka yi tayi. Ka ga monitoci sun kammala, ba lamba a ko wane sashe, an yi ɗaruruwan kilomita tun gogewar ƙarshe, wannan shaida ce mai kyau a kan inji da hayaƙi. Ba ta shafi giya da ƙafafu da tarihin haɗari ba, waɗannan sai makaniki ya duba. Ka ga ba su kammala ba, kada ka zargi kowa, motar da ta daɗe a jirgi ko a ajiye batirinta kan mutu. Ka nemi a ba ka dama ka tuƙa kawai. Mai gaskiya ba zai hana ba. Wanda ya hana kuma ya riga ya ba ka amsa.

In kuma gyara aka yi maka, mutuwar fitila a garejin ba ita ce shaidar gyara ba, tunda an goge ne. Ka yi yarjejeniya da makanikinka cikin mutunci tun farko: za ka tuƙa, in monitar sashen da aka taɓa ta kammala ba lamba, aiki ya yi. Makaniki mai amana zai ji daɗin haka, domin shi ma ya huta da jayayya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na'urar nan kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan ka kwatanta da sensa ɗaya da za a sa ka saya a kan zato. Ka saya, ka jefa a aljihun dashbod. Gobe da safe kafin ka fita, ka jona wa motarka ko ba ta da ciwon komai, ka ɗauki hoton yadda allon yake lokacin da take lafiya. Ranar da fitila ta kunna, kana da abin da za ka gwada da shi.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. A sauka lafiya.